Tambaya da Amsa: Garwa Biyu, Lere Uku, Sabon Gari Ba Adadi

Wasiƙun wannan karo duk a kan abu ɗaya suka taru: garuruwan da ke amsa suna ɗaya a arewacin Kamaru da Cadi da maƙwabtansu. Wasu tarihi suke nema, wasu kuwa asara ce ta sa suka rubuto.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan'uwana ya aiko mini da dila biyu na atamfa daga Yawunde zuwa Garwa. Na yi ta sintiri a tasha, daga baya aka ce an sauke su a wata Garwar daban. Garwa nawa ce a Kamaru? Daga wata 'yar kasuwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya mayar da alheri. Biyu ne, kuma tsakaninsu ya fi kilomita 500. Taku ita ce Garoua, hedikwatar jihar Arewa, a bakin kogin Binuwai, mahaifar Ahmadu Ahijo. Ɗayar ita ce Garoua-Boulaï, a jihar Gabas, kan iyaka da Afirka ta Tsakiya, ƙasar ƙabilar Gbaya ce asali, ko da yake Fulani da Hausawa sun cika kasuwarta.

Abin da ke jawo ɓatan kaya shi ne hanya ɗaya ce ta ratsa su. Motar da ta taso daga Yawunde tana bi ta Bertoua, ta fara isa Garoua-Boulaï, sannan Meiganga, sannan Ngaundare, kafin ta gangara Garwa. Yaron mota da ke sauke kaya da tsakar dare da fitilar waya yana ganin "Garoua" a jikin buhu sai ya jefo shi ƙasa, tunda mutanen can ma a bakinsu ba sa cika sunan.

Maganinsa ba wuya. A rubuta "GAROUA – NORD" da babban baƙi a gefe biyu na dilar da kuma samanta, a jikin buhun kansa, don takardar da aka manna tana yagewa. A sa lambar wayar mai karɓa a ƙasan sunan. Kafin mai aikawa ya bar tasha ya karanta rasit, domin kuskuren yakan faro ne tun daga hannun mai rubutu. Ya ɗauki hoton rasit ɗin da lambar motar ya turo miki. Kamaru ba ta aiki da lambobin gidan waya na gari-gari, saboda haka sunan jiha da lambar waya su ne adireshinki.

Tunda an zo nan, ga wasu tarkunan irin wannan. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Yawunde da yamma yana tsayawa Ngaoundal kafin Ngaundare, kuma saura fiye da kilomita 100. Baƙo mai gyangyaɗi yana jin farkon sunan sai ya sauka. Mokolo gari ne a Arewa Mai Nisa, hedikwatar Mayo-Tsanaga, amma a Yawunde in ka ce wa mai tasi "Mokolo" babbar kasuwa zai kai ka. Galim ma biyu ce: ta Adamawa, wadda ake bambanta ta da cewa Galim-Tignère, da ta jihar Yamma.

Tambaya: Malam, na je biki Jimeta sai na ji sunayen unguwanni kamar ina gida: Yelwa, Jambutu, Nasarawo, Rumde. Wa ya kwaikwayi wani? Daga wani ɗalibi a unguwar Yelwa, Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, ba kwaikwayo ba ne, ƙasa ɗaya ce aka raba. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, ya zauna Yola a 1841, kuma lamiɓen Garwa, Marwa, Ngaundare, Tibati da Banyo duk a cikin daularsa ta Fombina, wato Adamawa, suke a lokacin. Malami ko bafatake da ya tashi daga Yola zuwa Garwa bai ɗauka ya bar ƙasarsa ba. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ce ta bar Yola a hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasarta kuma ta faɗa wa Jamusawa, waɗanda suka kama Garwa a 1901, Marwa a farkon 1902. Shi ya sa yau Adamawa take biyu: ta Kamaru mai hedikwata a Ngaundare, wadda aka yanka daga tsohon lardin Arewa a 1983, da ta Najeriya da aka ƙirƙiro a 1991.

Sunayen unguwanni da garuruwa irin waɗannan iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe. Akwai na fata da addu'a, waɗanda duk inda Hausawa ko Fulani suka sari sabon wuri sukan raɗa su ba tare da sun san wani ya riga su ba: Yelwa, Nasarawa, Sabon Gari, Jalingo. Yelwa tana Yawuri, tana Bauci, tana kusa da Shendam, tana Garwa, kuma ba sai wata ta haifi wata ba. Jalingo hedikwatar Taraba ce, amma akwai Djalingo a kudu da Garwa kan hanyar Ngong. Sabongari unguwa ce a Garwa da Ngaundare, gari ne kuma a Donga-Mantung ta jihar Arewa maso Yamma. A Injamena ma akwai unguwar Sabangali, wadda kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane ta.

Iri na biyu su ne suka fi daraja ga mai neman tarihi, domin suna faɗin inda mazauna suka fito. Dubi Garwa da kanta: Marouaré, Bibémiré, Haoussaré, Foulbéré, Kolléré. Mutanen Marwa, mutanen Bibemi, Hausawa, Fulani, Barebari. A Marwa kuma ga Doualaré. Wanda ya bi waɗannan sunaye unguwa-unguwa ya zauna da dattawansu zai fitar da taswirar yadda garin ya cika, abin da ba zai samu a ofishin magajin gari ba. Muna takaicin yadda ake barin tsofaffin da suka san wannan suna tafiya ba a ɗauki bayaninsu ba.

Tambaya: Kakanmu daga Lere ta Kaduna ya zo. Nan Cadi ma muna da Lere. Danginmu ne? Daga wani magidanci a Pala.

Amsa: Alhaji, sunan ɗaya ne, mutanen daban. Léré ta Cadi, a lardin Mayo-Kebbi ta Yamma, masarautar ƙabilar Mundang ce, sarkinta ana ce masa Gong. Tana bakin tafkin da ke ɗauke da sunanta, wanda kogin Mayo-Kebbi ke ratsawa kafin ya shiga Kamaru ya haɗu da Binuwai, kuma tafkin ya yi suna da ayu. Lere ta Kaduna masarauta ce ta Fulani da Hausawa, hedikwatar ƙaramar hukumarta Saminaka. Akwai wata a Mali, yankin Tumbuktu, wajen iyakar Muritaniya.

Kafin a ce gari kaza ɗan'uwan gari kaza ne, abu uku ake dubawa. Jerin sarakuna: shin gidan sarautar ɗaya yana ambaton ɗayan a asalinsa? Harshen waɗanda suka kafa garin, ba na waɗanda suka fi yawa a kasuwa yau ba. Sai hanya: akwai zango-zango da za a iya nunawa tsakanin wuraren biyu? In babu ko ɗaya, sauti ne kawai ya zo daidai. Haka Gounou-Gaya ta Cadi take da Gaya ta Kano da Gaya ta Nijar. Wannan yana da muhimmanci, domin da irin wannan gaggawa ake ƙaga wa mutane asalin da ba nasu ba, jikoki su taso su riƙe shi gam.

Tambaya: A labarai nakan ji Kerawa wani lokaci a Kamaru, wani lokaci a Najeriya. Haka Baga. Masu labarai ne ke kuskure? Daga wata malamar makaranta a Kusuri.

Amsa: Malama, ba kuskure suke yi ba, sai dai sau da yawa ba sa cika bayani. Kerawa gari ɗaya ne da iyaka ta ratsa, rafi ne a tsakani. Ɓangaren Kamaru yana ƙarƙashin Kolofata a Mayo-Sava, na Najeriya kuma, wanda suke rubutawa Kirawa, yana ƙaramar hukumar Gwoza. Tsohon gari ne ƙwarai: nan ne fadar Mandara take kafin ta koma Doulo, daga baya Mora. Iyakar ta samo asali ne daga rabon Kamarun Jamus tsakanin Ingila da Faransa bayan yaƙin duniya na farko, ta kuma tabbata bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, lokacin da arewacin ɓangaren Ingila ya zaɓi Najeriya. A gabashin Cadi ma haka Tine take, rabi Cadi rabi Sudan. Banki ta Najeriya da Amchidé ta Kamaru kuwa gari ɗaya ne a ido, suna biyu a takarda.

Baga daban ce. Garuruwa biyu ne da tafkin Cadi ya shiga tsakaninsu: Baga ta Borno, a ƙaramar hukumar Kukawa, da Baga Sola a lardin Lac na Cadi. Tashoshin jiragen ruwa ne da suka daɗe suna ciniki da juna. A da, kanwar Kanem ta Baga Sola ake lodinta a haye da ita, ga kuma bandar kifi. Da aka kai wa Baga hari a Janairun 2015, dubban mutanenta tafkin suka tsallaka, aka tsugunar da su kusa da Baga Sola a sansanin da ake kira Dar es Salam, wanda shi ma ya yi suna ɗaya da babban birnin kasuwancin Tanzaniya. Mai neman ɗan'uwa da ya ɓace a wancan lokaci dole ya fayyace wace Bagar yake nufi a duk takardar da ya cika.

Belel da Demsa su ma biyu-biyu ne. Bélel ta Kamaru tana gabas da Ngaundare, ƙasar kiwo, ta Najeriya tana ƙaramar hukumar Maiha. Demsa ta Kamaru lamidanci ne dab da Garwa mai fada a Gashiga, ta Najeriya kuma mazaunin Hama Bata ce, sarkin ƙabilar Bata.

Tambaya: Takardar haihuwata ta ɓace. A katina an rubuta "Djalingo" kawai a wurin haihuwa, iyayena kuma sun rasu. Ta ina zan fara? Daga wani direba a Ngaundare.

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifa. Kada ka fara da sunan ƙauyen, fara da ofishin da ya yi rajistar. Kowace takardar haihuwa tana ɗauke da sunan cibiyar da ta bayar da ita, da shekara, da lamba, kuma da waɗannan ukun ake buɗe kundi. Nemi tsohon kwafi a makarantar firamaren da ka yi, ko cikin takardun jarrabawa, ko fayil ɗin lasin tuƙi. Ko ya dushe, in lambar da shekarar suna karantuwa ya wadatar.

In babu kwafi ko ɗaya, tambayi baffanni da gwaggonni abu biyu: wane lamido ko lawan ne ke da ƙauyen, kuma wace kasuwar mako suke ci. Jauro yana ƙarƙashin lawan, lawan yana ƙarƙashin lamido, kuma wannan tsani yakan kai ka ga ƙaramar hukumar da ta dace da sauri fiye da taswirar waya, wadda za ta nuna maka Djalingon da ta fi girma ne kawai. Daga nan sai ofishin magajin garin. In aka duba ba a ga rajistarka ba, sai kotu, da shaidun da suka san haihuwarka, a yi maka hukuncin da ke maye gurbin takardar.

Ka kula da rubutun suna. Faransanci yana sa "dj" inda muke sa "j", "ou" inda muke sa "u" ko "w", "tch" inda muke sa "c". Jalingo da Djalingo a baki ɗaya ne, amma ga ma'aikacin da ke duba fayil ɗaya Najeriya ce, ɗaya Kamaru, kuma hakan kan sa a tsayar da mutum ana tambayar ƙasarsa. Kwafi sunan harafi-harafi yadda yake a kundi, ko da ba haka kake furta shi ba.

Masu tsofaffin takardun iyaye su ma su lura: wanda aka rubuta an haife shi a Fort-Lamy ɗan Injamena ne, an sauya sunan a 1973. Fort-Foureau ita ce Kusuri, Fort-Archambault kuma Sarh. In za a cika takardar gado ko ta ɗan ƙasa, a rubuta tsohon sunan yadda yake a takardar, a haɗa da kwafinta, kada a sabunta shi da hannu.