Kiɗana ya yi sanyi: tsufa ne ko basira ce ta ƙare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 43, kuma tun ina saurayi nake haɗa kiɗa a kwamfuta. A da idan kiɗa bai kai bugu 140 a minti ba, ba ya shiga raina, kuma a dare ɗaya sai in gama guda biyu. Yanzu kuwa mai sanyi nake so, wanda ba a cika masa kaya ba, kuma sai in yi wata guda ina jujjuya abu ɗaya. Yaran da ke zuwa situdiyona sai su ce, "Baba, ka tsufa." Ga shi abin da suke saurara ba ya burge ni ko kaɗan. Basirar ce ta ƙare? Ko in koma kwaikwayonsu?

Daga wani mai haɗa kiɗa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Basirarka tana nan. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wanda ba ka ambata ba, wato kunnenka.

Kunnen yaro mai lafiya yana kama sauti daga Hz 20 har zuwa 20,000 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Da shekaru suka fara ja, siraran sautukan da ke can sama su ne ke fara ɓacewa, domin ƙananan ƙwayoyin da ke karɓarsu a cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Wannan yana samun kowa, amma mu da muka kwana cikin ƙara namu ya fi sauri. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce awa 8 a rana idan ƙara ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Yi lissafi da kanka: a desibel 100, wanda gidan rawa ke kaiwa ba wahala, minti 15 ne kacal. Awa nawa ka yi a gaban lasifika tun kana saurayi?

Ga yadda abin ke fitowa a aiki. Ka ɗora kacau-kacau a kan ganga, ka ji kamar bai fito ba, sai ka ɗaga shi. Ka saurara, ka ƙara ɗagawa kaɗan. A wurinka ya zauna daram. Yaro ɗan shekara 20 ya sa iyafis, kafin amshi ya zo ya cire, ya ce kiɗan yana sukar kunne. Kai kuma sai ka ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, yana jin abin da kai ba ka ji. Saboda haka ka je a auna maka kunne, musamman idan kana jin wani "tsiii" da daddare bayan gari ya yi shiru. Ka riƙa buɗe manhajar da ke zana sauti a allo, ido ya taimaki kunne. Ka rage ƙara wajen miksin, wato daidaita sautukan kiɗa, zuwa inda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Sannan waɗannan yaran masu ce maka Baba, ka ba ɗayansu kujera kafin ka fitar da aiki. Kunnensa ya fi naka kaifi, naka kuma ya fi nasa sanin abin da ya kamata a cire.

To, batun son kiɗa mai sanyi kuwa, ba kai ka fara ba. Daft Punk, Faransawan nan biyu, da injin ganga da yankakkun sautuka suka yi suna a shekarun 1990. A 2013 suka fitar da kundin da suka tara makaɗa na gaske a situdiyo, masu jita da ganga ta hannu, kuma shi ya ci musu babbar lambar Grammy a 2014. Bayan sun rabu a 2021, ɗayansu, Thomas Bangalter, ya koma rubuta wa babbar ƙungiyar masu goge da ƙaho kiɗa, aka fitar da shi a 2023, babu injin ganga ko ɗaya a ciki. Amma kar ka ɗauka dole ne girma ya zo da sanyi. Giorgio Moroder, mai haɗa kiɗa ɗan Italiya haifaffen 1940, sai da ya kai shekara 73 sannan ya fara hawa dandali a matsayin DJ.

Ni abin da nake gani a allon abokan aiki shi ne, saurayi yana jera layin sauti 60 ko 70 a kiɗa ɗaya saboda yana tsoron shiru, yana so a san ya iya. Wanda ya daɗe sai ka ga layi 10, amma ya yi kwana uku yana zaɓen sautin ganga ɗaya. Wannan ci gaba ne, ba na tantama. Sai dai wata gudan nan da kake yi kana jujjuya abu ɗaya, a nan ba zan rufa maka asiri ba. Wani lokacin ƙwarewa ce, wani lokacin kuma tsoro ne ya sa rigar ƙwarewa. A da ba ka da sunan da za ka ɓata, shi ya sa kake gamawa ka saki. Ka yanka wa kanka wa'adi, ranar da ta cika ka rufe fayil ɗin ko da zuciyarka na ƙorafi.

Saura maganar cewa kiɗan yara ba ya burge ka ko kaɗan. Wani bincike da masana biyu suka wallafa a Amurka a 1989 ya nuna mutane sun fi manne wa waƙoƙin da suka yi tashe lokacin suna wajen shekara 24. Ga mai saurare wannan ba komai ba ne. Ga mai sana'a kuwa haɗari ne, domin idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, ko ana so ko ba a so. Ka tuna injin ganga na Roland TR-808 da ya fito a 1980: manyan makaɗa sun raina shi don ƙararsa ba ta yi kama da ganga ta gaske ba, har kamfanin ya daina ƙera shi bayan 'yan shekaru. Matasa marasa kuɗi ne suka kwashe shi na hannu, ga shi har yau bes ɗinsa, wato sautinsa mai kauri, shi ke girgiza lasifika a duniya. Wanda ya raina shi a lokacin, da irin kalmominka ya yi magana.

Kwaikwayo kam a'a, za su gane cikin daƙiƙa goma, kuma za su fi yi maka dariya. Abin da za ka yi shi ne ka ce yaron ya ba ka kiɗa biyar da ya fi so a wannan watan. Ka ɗauki wanda ya fi ba ka haushi, ka buɗe manhajarka, ko FL Studio ce ko Ableton, ka sake gina shi daga farko kamar ɗalibi, ba don fitarwa ba. Kafin ka gama jera gangunan za ka san ko babu komai a cikinsa ne, ko kuwa akwai dabarar da ta wuce ka. Idan ka gwada, ka rubuto mana wanne ne.