Amsa: Kiran waya na taimaka wa mai ciwon sukari kuwa?

Ɗan'uwa, ka ce asibiti sun sa Baba cikin shirin da ma'aikaciyar lafiya ke kiransa ta waya, kana ganin kamar ɓata lokaci ne. Ni dai ban ga haka ba, muddin mai kiran ta san aikinta.

Yawancin masu ciwon sukari sun san abin da ya kamata su yi, ɗorewar ce ke gagara. Ƙwararriya ba wa'azi take yi ba. Za ta tambayi Baba abin da zai iya, su tsayar da abu ɗaya ƙarami, kamar tattakin minti 10 bayan abincin dare, a kira na gaba ta ji me ya hana. Sannu a hankali har a kai minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ku riƙa rubuta awon sukarinsa a littafi, ya karanta mata.

Kada ku yanke hukunci da wuri, domin gwajin jini na HbA1c, wanda ake duba ci gaba da shi, matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku yake nunawa. Sai dai waya ba ta ganin gyambon ƙafa, canza magani kuma aikin likita ne. In awo ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, yana gumi da karkarwa, a ba shi abu mai zaƙi nan take, kada a jira kira.