Kafin Ka Sayi Babban Inji, Duba Inda Ake Ɗora Kaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Goronyo. Bara na sayi jirgin faiba na hannu, na haɗa shi da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, na ba ɗan ƙanena yana fito da shi a gulbin Rima, musamman ranar kasuwa. Mai ne ke cinye ribar. Da an yi lodi sai jirgin ya ɗaga goshi sama, baya ya nutse, inji na ta kuka amma ba gudu. Yaron ya ce injin ne ya yi ƙanƙanta, in sayo mai doki 75. Ba ni da kuɗin sai in na sayar da albasar da na adana tun ba ta yi daraja ba. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka taɓa albasar nan tukuna. Jirgin da ke ɗaga goshi yana nutsar da baya, nauyi ne ya taru masa a baya, kuma babban inji ƙara masa zai yi. Mai doki 40 nauyinsa kilo 70 da 'yan kai ne, mai doki 75 kuwa ya haura kilo 100, kuma a wurin nan da ya riga ya nutse za ka rataya shi. Ga shan mai. Irin waɗannan injunan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai, in an murɗa su har ƙarshe, kowane doki ɗaya kan sha kusan rabin lita a awa. Naka kusan lita 20 ke nan, wancan kuwa sama da 30. An gudu ba a tsira ba.

Jirgin faiba tafiya iri biyu gare shi. A hankali, ture ruwa yake yi da ƙirji kamar kowane kwalekwale. In ya sami ƙarfi sai ya hau bisa ruwan ya miƙe yana zamewa, a nan ne yake gudu, a nan ne kuma lita ɗaya ke kai shi nesa. Tsakanin biyun akwai wani mataki da goshi ke sama, baya na ƙasa, jirgi na jan ƙatuwar igiyar ruwa a bayansa. Ba inda ya kai nan shan mai, kuma nan naka ya maƙale.

Je gaci ranar kasuwa ka tsaya ka ƙirga abin da ke bayan jirgin tun kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Inji. Direba. Jarka biyu masu lita 25, kowace cike da fetur ta kusa kilo 19. Yaron da ke kwarfar ruwa. Ka riga ka wuce kilo 200. Sai ruwan da ke shiga jirgi, wanda duk baya yake gangarawa, kowace lita kilo guda. Sannan fasinjoji su ma baya suke rububi, don gaba ya fi feshin ruwa da jijjiga, kuma masu lodi sukan jibge buhuna inda hannunsu ya fi kaiwa.

Gyaran wannan bai wuce kuɗin doguwar tiyon mai ba. A dawo da jarkoki tsakiya. Buhuna masu nauyi a shimfiɗa su a ƙasan jirgi, a tsakiya, su ɗan karkata baya kaɗan. Kwanduna, kaji da tarkace marasa nauyi su tafi gaba. In za a tashi, mutum biyu su ɗan matsa gaba har jirgi ya miƙe. Sai dai a yi hattara kada a wuce gona da iri: in gaba ya yi nauyi, goshi zai riƙa huɗar ruwa, jirgi ya riƙa fizgewa dama da hagu ba da son direba ba, igiyar ruwa kuma ta riƙa faɗowa ciki. Wannan ya fi na farko haɗari.

Dama da hagu kuwa, ka san mangala a bayan jaki, in ɗaya ta rinjayi ɗaya ba a zuwa ko'ina. Abin da nake so ka fi tsananta wa yaron shi ne tsawon lodi. Buhu kan buhu, sannan mutane su hau bisa su zauna, wannan shi ke sa jirgi ya kife da ɗan juyi kaɗan. Kowa ya zauna ƙasa, a ɗaure kaya kada su zame a kwana, a kwarfe ruwa kafin a tashi, domin ruwan da ke yawo a cikin jirgi gefen da aka karkata yake bi ya ƙara rinjayarsa. Kai mutumin Goronyo ne, ba sai na tuna maka jirgin da ya kife da mutum sama da 50 a hanyar zuwa kasuwarku a watan Agustan 2025 ba. Rigar ruwa ga kowane fasinja tana cikin jari, ka sa ta a lissafi.

Yanzu tsayin inji, wanda shi na fi zargi, tunda jirgi daban ka saya, inji daban. Ƙafar injin jirgi ba tsawo ɗaya ba ce. Akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20, har da mai inci 25, kuma kowane jirgi an yi bangon bayansa ne daidai da ɗaya daga ciki. In aka ɗora mai doguwar ƙafa a jirgin da aka yi don gajera, farfela ta nutse da inci 5 fiye da ƙima, kuma mutum zai shekara yana zagin inji bai san dalili ba.

Ga yadda za ku gane. A jawo jirgi tudu, a sauke inji ya tsaya a miƙe. Saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar faranti da ya fito daga jikin ƙafar. A sami katako miƙaƙƙe a manna shi a ƙasan jirgi ta tsakiya, ya leƙo baya. Farantin nan ya kamata ya zo daidai da katakon, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ya yi ƙasa sosai, ƙafar na jan ruwa a banza, ruwa na fantsama sama ta gefenta, sitiyari ya yi nauyi, goshi ya ƙara ɗagawa, inji ya kasa kai juyinsa. Da rani kuma, in gulbi ya ja, ita za ta fara cin yashi. In kuma ya yi sama da yawa, farfela za ta riƙa shaƙar iska: ka ji inji ya yi ƙara farat ɗaya, musamman a kwana, jirgi kuwa ya saki gudu. Mafi muni, ramukan da inji ke shan ruwan sanyaya kansa suna ƙasan farantin nan, in suka fita daga ruwa inji ya ƙone. Shi ya sa duk lokacin da aka taɓa tsayin inji, ido ya kasance kan ɗan siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya. In ya yanke, a kashe nan take.

Inda aka ɗaure inji da kusoshi akwai ramuka a jere, tazararsu kusan milimita 19. Rami ɗaya ake ɗagawa a gwada, ba biyu ba. In tazarar farantin da katakon ta kai inci 5, rami ba zai gyara ba, sai mai aikin faiba ya ƙara wa bangon baya tsawo da ƙarfi, ko ka yi musayar injin da mai gajerar ƙafa. Masu jiragen tsere sukan ɗaga inji sama sosai don neman gudu, amma jirginsu ba kaya kuma farfelarsu daban ce. Kai mai lodi ne, tsaya a daidai.

Akwai kuma ƙarfen da ake sokawa a ramukan jikin maƙalin inji, wanda ke saita karkatarsa. In an matso da ƙafa kusa da jirgi, goshi ya sauka. In an tura ta waje, goshi ya tashi, har jirgi ya riƙa sukuwa. Duba ramin da yaron ya sa shi, mai yiwuwa rami ɗaya zuwa ciki ya rage rabin matsalar. Farfela ma a duba ta. Injinka an yi shi ne ya juya tsakanin sau 4,500 zuwa 5,500 a minti in an murɗa duka. Bakanike mai agogon awo ya gwada da lodi a ciki. In bai kai ba, farfela mai ƙaramin taki ake sawa, wato wadda ba ta cin nisa sosai a kowane juyi, ita ce ta jan kaya, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

Kada ku yi duka rana ɗaya, don ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Lodi iri ɗaya, hanya ɗaya, zuwa da dawowa saboda ƙarfin ruwa, jarka mai alama a jiki. A canja abu guda, a auna man da ya tafi, a rubuta. Lita nawa a sawu ɗaya, shi ne lissafinka, ba gudu ba.

Sai maganar da ba ka tambaya ba. Wa ke sayen man? In kai ke saye shi kuma yana kawo abin da ya samu, ba abin da zai hana shi murɗa inji har ƙarshe, alhali sassauta hannu kaɗan bayan jirgi ya miƙe na rage shan mai sosai. In kuma balas ka yanka masa mai tsauri, kai ka tura shi yin lodin ganganci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ni dai na fi ganin a fitar da kuɗin mai da na gyara tukuna, a raba saura, tare da ƙayyade yawan mutane da buhuna da ba a wucewa ko wa ya roƙa. Ka tuna kuma fito kasuwar cikar ruwa ce. Babban inji zai yi watanni yana kwance da jarinka a ciki, albasa kuwa ka fi ni sanin yadda take tashi in damina ta yi nisa.

In an gyara lodi, tsayi, karkata da farfela, jirgin bai miƙe ba, to kayan ne suka fi ƙarfinsa, a raba su sawu biyu. Mai doki 75 sai in takardar jirgin ko ɗan allon da masu ƙira ke mannawa a jikinsa ya nuna zai ɗauka, mai faiba kuma ya ƙwanƙwasa bangon baya ya tabbatar ba tsaga ba ruɓa. Ko a lokacin, da ribar albasa za ka saya bayan ta yi daraja, ka kuma sa tsohon injin a cikin cinikin.