Tambayar Mai Karatu: Ta Yaya Kwamfuta Ke Ajiye Harafin Tibet?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena yana karatu a ƙasar Sin, ya turo mini saƙo da rubutun mutanen Tibet. A wayata na ga haruffan sun hau kan juna, amma da na buɗe a tsohuwar kwamfutar shagonmu sai 'yan akwatuna kawai na gani. Ta yaya na'ura ke ajiye irin wannan rubutu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai.

Kwamfuta ba ta san siffar harafi ba, lamba take riƙewa. Tsarin Unicode, wanda na'urorin duniya ke bi wajen ajiye rubutu, shi ya raba wa kowane harafi lambarsa, ya kuma ware wa rubutun Tibet gurbi 256, daga U+0F00 zuwa U+0FFF a salon da Unicode ke rubuta lambobinsa. Harafinsu na farko, ཀ, da ake furtawa "ka", yana zaune a U+0F40, wato 3904 a ƙirgen da muka saba. Idan za a tura shi ta intanet a tsarin UTF-8, wato hanyar mayar da lambar harafi zuwa bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), bayit uku yake ci: E0, BD, 80. Harafin "k" na boko kuwa bayit ɗaya ya ishe shi.

Hawan da ka ga haruffan suna yi, nan ne gizo ke saƙa. Rubutun Tibet, wanda tarihinsu ke danganta ƙirƙirarsa ga Thonmi Sambhota a ƙarni na 7, zamanin Sarki Songtsen Gampo, yana da baƙaƙe 30 da alamomin wasali 4. Daga hagu zuwa dama ake rubuta shi, amma a cikin gaɓa ɗaya baƙi na iya zama a ƙarƙashin wani baƙin. Sai masu tsara Unicode suka ba kusan kowane baƙi lamba biyu: ɗaya idan yana tsaye da kansa ko shi ne a sama, ɗaya idan ya shiga ƙarƙashi.

Ɗauki kalmar རྟ, ma'anarta doki. A ido kamar harafi guda ne, a cikin na'ura lamba biyu ce. Ta farko 3938, harafin "ra". Ta biyu 3999, wato "ta" na ƙarƙashi. Da an sa 3919, wanda shi ne "ta" mai zaman kansa, da haruffan sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kalmar ta ɓaci. Ka lura kuma "ra" ɗin da ke sama ya tsuke, ya bar siffarsa ta asali, amma lambarsa tana nan yadda take. Wannan gyaran siffa aikin font ne, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zanen haruffa. A jerin lambobin, wasali yana biyo bayan baƙaƙen, sai ɗan ɗigon da suke kira tsheg, U+0F0B, ya raba gaɓa da gaɓa.

Ni a ganina an yi dabara a nan, domin duk wanda ya duba lambobin ya san wa ke sama wa ke ƙasa. Ba a rana ɗaya aka kai ga haka ba. An sa rubutun a Unicode na farko a 1991, aka cire shi, sannan aka dawo da shi da wannan sabon fasali a 1996.

Akwatunan da ka gani kuwa, saƙon bai lalace ba. Lambobin sun iso lafiya, kwamfutar ce ba ta da zanensu. Mu Hausawa mun sha wannan da ƙ da ɗ da ɓ a tsofaffin wayoyi. Windows ta fara zuwa da font mai suna Microsoft Himalaya tun daga samfurinta mai suna Vista, saboda haka da alama ta shagonku ta girmi wannan, ko kuwa an goge shi. Ka sauke Noto Serif Tibetan ko Jomolhari, duka kyauta ne, ka sa a kwamfutar, ka rufe saƙon ka sake buɗewa.