Amsa: Shin kotun Hague za ta iya kama shugaban ƙasar da ba mamba ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ƙasashen da ba su shiga kotun ICC ba, wato kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague, suke yi in an fidda sammacin kama shugabansu. Jiya da dare muka yi wannan muhawara a fadarmu nan Yamai, rediyo na kan benci, shayi har ya huce.

Kotun ba ta da 'yan sanda. Sai ƙasa mamba ta kama mutum ta miƙa shi. Sudan ba mamba ba ce, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya tura wa kotun batun yankin Darfur a 2005. Da sammacin shugaban Sudan na lokacin, Omar al-Bashir, ya fito a 2009, gwamnatinsa ta yi fatali da shi, ta kori ƙungiyoyin agaji da dama. Wannan ya ƙona mini rai, don talakawan sansanin 'yan gudun hijira ne suka sha wuya.

Manyan ƙasashen da ba mambobi ba kuwa ramuwa suke yi. Rasha ta buɗe shari'a kan mai gabatar da ƙara na kotun, Karim Khan, bayan sammacin Putin a 2023. Amurka ta saka wa Fatou Bensouda, mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, takunkumi a 2020.

Har mambobin ma sukan noƙe. Putin ya je Mongoliya, wadda mamba ce, a 2024, aka yi masa tarba ta girma, ya koma gida lafiya lau.