Targaɗe, Ɗori da Faɗuwa a Fili: Amsoshin Likita ga 'Yan Wasan Zariya

Tun da hunturu ya shigo, yawancin tambayoyin da ke zuwa mini na ƙafa ne da gwiwa. Filayenmu na unguwa, daga Tudun Wada har Samaru, ƙasa ce tsurarta, ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga shi gasar unguwanni ta kankama. Na tsamo shida daga ciki, na ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, shekarata 19. Shekaranjiya muna ƙwallo na taka rami ƙafata ta gurɗe a idon sawu. Abokaina suka ja ta, a gida kuma aka gasa mini da ruwan zafi aka murje da man zafi. Yanzu ta kumbura ta yi baƙi. Muna da wasa ranar Asabar, me zan yi? (Ɗan ƙwallo, Tudun Wada)

Amsa: Ɗana, sannu da jiki. Maganar wasan Asabar ka cire ta a ranka tukuna. Abin da muke kira targaɗe, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa ne suka miƙe fiye da kima ko suka yage, jini na tsiyaya a ciki. Baƙin da kake gani jinin ne ya kwanta. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, murza kuma tana ƙara yagar, shi ya sa kumburin ya ƙaru. A kwana biyu zuwa uku na farko sanyi ake so. Ka sayi fiya-wata mai ƙanƙara, ka naɗe shi a tsumma, ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka maimaita bayan awa biyu ko uku. Kada ka ɗora ƙanƙarar kai tsaye a fata. Ka naɗa bandeji daidai-wa-daida, in ka kwanta ka ɗora ƙafar kan matashi ta ɗara ƙirjinka.

Ga yadda za ka gane ko akwai karaya. Idan ba ka iya taku huɗu da ƙafar ba, ko kuma in ka danna ƙashin idon sawun kansa, ko ƙashin gefen ƙafa wajen da ƙaramin yatsa ya samo tushe, ka ji zafi ya soke ka, to je ka yi hoton ƙashi. In babu ko ɗaya, da zarar zafin ya lafa ka soma takawa a hankali, don dogon zama yana sandarar da gaɓa. Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, babba ya kai shida ko ya wuce. Kafin ka koma fili, ka riƙa tsayawa da ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30, daga baya ka gwada ido rufe. Ranar da ka iya tsalle a kanta, ka yi gudu ka karya kwana ba zafi, ka warke. Wanda ya koma kafin nan, ƙafar ta dinga gurɗewa ke nan kowace kaka.

Tambaya: Yarona mai shekara 11 ya faɗi wajen langa hannunsa ya karye ƙasa da gwiwar hannu. Kakansa ya kai shi wajen maɗori aka ɗaure da kara. Yau kwana biyu ba ya barci don kuka, yatsun sun kumbura sun yi sanyi. An ce mini haka ɗori yake, in yi haƙuri. (Uwa, Ƙofar Doka)

Amsa: Wannan baiwar Allah na ba ta amsa tun ranar da saƙonta ya iso, don irin tambayar ba ta jiran mako. Na sake kawo ta nan saboda sauran iyaye.

Hajiya, ba haka ɗori yake ba. A kwance karan nan yanzu-yanzu, a kai yaron asibiti a daren nan, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Shika. Hannun da ya karye yana ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Idan an ɗaure shi tamau, kumburin ba shi da wajen zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Naman da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin kamar awa shida. Alamar farko ita ce zafin da ya fi ƙarfin ciwon, wanda magani ba ya kwantarwa, musamman in an miƙar da yatsun yaro ya ƙwalla ƙara. Sanyin yatsu, mutuwarsu da sauya launi suna biyo baya, kuma in aka kai nan lokaci ya ƙure ƙwarai.

Ba na mantawa da wani yaro da aka kawo mana shekarun baya, sa'an ɗanki. Kwana tara ya yi a ɗaure. Da muka warware tsumman, fatar ta biyo shi, yatsun sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, wari ya cika ɗakin. Mahaifinsa ya riƙe mini riga yana cewa, "Likita, karaya ce fa kawai." Gaskiya ya faɗa, karaya ce wadda da siminti na mako shida ya ishe ta. Sai da aka yanke hannun. Har yau in na ga yaro da kara a hannu gabana faɗuwa yake.

Ban raina maɗora ba. Sana'a ce ta gado, suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma akwai karayar da ko an ɗora ko ba a ɗora ba za ta haɗe. Matsalar ita ce hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Karayar da ta shiga gaɓa, wadda ƙashi ya huda fata, da wadda ta taɓa wajen da ƙashin yaro ke tsiro, duk aikin asibiti ne. Ko don Allah a fara yin hoto kafin a yanke shawarar inda za a kai. Su kuma dattawan gida, a yi musu bayani da ladabi, amma kada kunyar suruki ta jawo wa yaro rasa hannu.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina buga ƙwallon kwando. Na yi tsalle na dira, sai na ji "ɓas" a gwiwa, kafin dare ta kumbura. Hoto ya nuna ƙashi lafiya, amma wata uku ke nan in na juya da sauri gwiwar sai ta zame. (Ɗaliba, Samaru)

Amsa: 'Yata, na ji daɗi da kike wannan wasa. Garin nan yana da tarihi a kansa, a nan Masai Ujiri ya tashi ya koye shi, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Bayaninki ya yi kama da tsinkewar ɗaya daga jijiyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa, ta gaban, wadda ke hana ƙwauri zamewa. Mata sun fi maza samun wannan rauni. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai likitan ƙashi ya gwada gwiwar da hannu, in da hali a yi hoton MRI. Ki daina wasa tukuna, domin kowace zamewa tana cin guringuntsin ciki, ƙarshenta amosanin gaɓa tun da ƙuruciya. Wasu atisayen ƙarfafa cinya a sashen gashin ƙashi yana isarsu. Mai son komawa wasan tsalle da juyi kuwa galibi sai an yi tiyata, kuma ana ɗaukar wata tara zuwa shekara kafin komawa. Ki fara da Shika, in ya kama a tura ki Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Masu horarwa kuma, ku nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+. Minti 20 ne, ba ya buƙatar kayan aiki: gudu-gudu, ƙarfafa cinya da ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira da gwiwa a lanƙwashe ba tare da ta karkata ciki ba. An gwada shi kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, raunuka suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Sau biyu a mako ake so, tun kafin gasa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Kafin wasa nakan sha tiramadol ɗaya da daikulofenak don kada in ji gajiya. Kowa a kulob ɗinmu yana yi. Akwai illa? (Matashi, Sabon Gari)

Amsa: Akwai, babba ma, kuma na gode da ka faɗi gaskiya. Tiramadol dangin su heroyin ne wajen kama jiki, yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa, don haka mai burin fita waje ya sani. Daikulofenak kuma, in ya haɗu da rana da zufa da ƙarancin ruwa, ƙoda yake illatawa, ga gyambon ciki. Sannan zafi shi ke gaya maka wani abu ya lalace, in ka toshe shi za ka yi ta gudu kan rauni. Idan ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya, ka ga likita a rage maka a hankali.

Tambaya: Ƙanena ɗan dambe ne. An buge shi a kai ya faɗi ya ɗan suma, aka zuba masa ruwa ya tashi ya sake shiga. Tun ranar yana ciwon kai da mantuwa. (Yayansa, Jushi)

Amsa: Malam, ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma hakan na faruwa ko ba a suma ba. Babban kuskuren shi ne sake shigar. Duka na biyu kan ƙwaƙwalwar da ba ta farfaɗo ba yana iya kumbura ta har a rasa rai. A damben zamani, wanda aka sumar akan dakatar da shi aƙalla kwana 30. Ka kai shi a duba shi. Amma in ka ga amai, ciwon kai na ƙaruwa, barcin da ke wuyar tashi, jijjiga, sanyin ɓari ɗaya na jiki ko magana ta sarƙe, kada ka jira gari ya waye. Akwai zubar jini a kai da mutum zai tashi garau yana hira, bayan 'yan awanni ya kife. A yanzu ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya rage kallon waya, kada ya tuƙa babur, ciwon kan kuma farasitamol kaɗai. Na san a da'irar dambe wanda ya ƙi komawa ana masa kallon rago, ga kalangu na zuga shi. Kai ne babba, kai za ka tsaya masa.

Tambaya: Ina horar da yara. Makon jiya ɗaya ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, muka yi ta masa fifita har ya farfaɗo. In ta sake faruwa me ya kamata mu yi? (Koci, Gyallesu)

Amsa: Koci, Allah ya tsare, amma yaron kada ya sake taka ƙwallo sai an auna zuciyarsa. Wanda ya faɗi ba a taɓa shi ba, ana ɗaukarsa zuciya ce ta tsaya har sai an tabbatar ba ita ba ce. Mu da muka manyanta muna tuna 12 ga Agusta 1989, ranar da Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere ana karawa da Angola, bai sake tashi ba. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003 a Faransa. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi irin wannan faɗuwa a 2021, amma ya rayu har ya koma wasa, domin nan take aka hau danna masa ƙirji aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya.

Ga abin yi. Ka kira sunansa ka girgiza kafaɗarsa. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, ka kwantar da shi rigingine a ƙasa, ka ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, ka danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya ruga neman mota, ku riƙa karɓar juna, kada a tsaya ko a cikin motar. Ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura ruwa, a kuma kori taron da ke rufe shi. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini, kafin a kai Shika daga Gyallesu aikin gama ya gama in ba a danna ba.

Kafin kakar wasa, ka tambayi kowane yaro ko ya taɓa suma ko ciwon ƙirji yana gudu, ko wani a danginsu ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya. Gwajin lafiya ne ya gano ciwon zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, aka yi masa aiki a Amurka ya ci gaba da wasa. Ka kuma san nau'in jininsu ta gwajin sikila, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila ɗaya amma ba shi da cutar. Mai AS yana wasansa lafiya, sai dai gudun wuce-kima cikin zafi da ƙishirwa na iya kayar da shi. In ya ce ƙafafunsa sun mutu ko numfashi ya gagara, ka bar shi ya zauna a inuwa, kada ka ce lalaci ne. Idan bazara ta shigo a Maris da Afrilu, ka mayar da atisaye bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa duk minti 20. Da azumi kuma, atisaye mai nauyi a bari sai an sha ruwa.