Abin da ya sa Kaka ba ta kiran sunan babanki

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin ce kina haɗa tarihin Kaka wanda za a karanta a sujadar godiya ta cikarta shekara ɗaya da rasuwa, amma abu ɗaya ya tsaya miki a rai: tunda kika yi wayo ba ki taɓa jin ta kira sunan babanki ba, sai "wancan" ko "yaron nan". Har kika tambaya ko da wani abu a tsakaninsu, ko kuwa al'adar Musulmi ce ta ara.

Ko ɗaya babu. Kunyar ɗan fari ce, kuma ta Hausawa ce gaba ɗaya. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Sau da yawa ma da an yaye shi kakanni ke ɗaukarsa riƙo. Haka aka yi da Yaya, wato babanki.

Kada ki manta, Hausawa ne mu tun kafin bishara ta iske mu. Dokta Miller, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929, da tubali da laka irin ginin birni. Waɗanda suka taru a nan, har da zuriyar Isawa, masu girmama Annabi Isa tun kafin zuwan mishan, waɗanda ciwon barci ya tayar daga ƙauyen Gimi, da alkunyarsu suka zo. Baftisma ba ta wanke ta ba, Inna kuwa ba ta ga inda Nassi ya hana ba.

Ke ba ki riski Baba ba. Sunansa sunan ɗaya daga cikin manzanni ne. Kullum da asuba Inna kan tara mu a tsakar gida, ta buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki nata, fassarar 1932, wanda ta ɗinke bangonsa da ƙyallen atamfa. In karatu ya kawo ta kan sunan nan sai ta ɗan tsaya, ta ce "manzon nan mai sunan Malam", ta wuce. Shekara da shekaru haka, ko a taron Zumuntar Mata ba ta taɓa kuskure ba. Na san 'yan zamani za su ce takura ce. Ni da na ga yadda take faɗin "Malam" ɗin nan, ban ga takura ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Yaya a asibitin St. Luke, yana saurayi, kwana biyar Inna ba ta shiga ɗakin ba. Ni take ba kunun tsamiya in kai masa, ita ta zauna a gindin bishiya a waje. In an tambaye ta sai ta ce wata ta zo dubawa. Daren na huɗu na farka na ji ta a durƙushe bayan ƙyaure, tana kuka ƙasa-ƙasa, tana kiran sunansa cikakke, tana cewa, "Ya Ubangiji, naka ne, ka bar mini shi." Sau uku ta faɗi sunan. Ban sake ji daga bakinta ba har ta koma ga Ubangiji.

Wannan ki nemi izinin babanki kafin ki rubuta, domin shi kansa bai sani ba. Ki bari in fara gaya masa da bakina.

Ki zo tun ranar Juma'a. Matan Zumunta za su zo da ganga da tulu, akwai tuwon da za a aika wa maƙwabtanmu Musulmi da suka yi mana zaman makoki, kuma ina so mu je kabarin tare mu share kafin Lahadi. Ki gaida maigidanki da yara.

Goggonki